Yadda Za Ka Koya wa 'Yan Firamare Tallata Haja Cikin Makonni Shida

Ɗauki fensir guda, irin wanda kowane yaro yake da shi a jaka, ka ɗaga shi a gaban aji ka ce, "Wa zai tallata mini wannan?" Kafin ka rufe baki hannaye sun tashi. Wanda ka fara kira zai fito ya buɗe maƙogwaro: "Ku zo ku saya! Fensir mai kyau! Ya fi na kowa!" Na biyu ma haka zai yi, sai dai ya fi na farko ƙara. Na sha yin wannan gwaji, kuma sau ɗaya tak wata yarinya 'yar aji huɗu ta karɓi fensirin, ta tsaya tana jujjuya shi, sannan ta ce, "Malam, wa zan sayar wa? Ai mai zane daban, mai rubuta jarrabawa daban."

Tambayar yarinyar nan ita ce ginshiƙin darasin gaba ɗaya. Yara, da manya da yawa, sun ɗauka talla ihu ce da yabon kaya. Aikinka a makonni shidan nan shi ne ka juyar da idonsu daga kan hajar zuwa kan mai saye: wane ne shi, me ya dame shi, me za a gaya masa wanda gaskiya ne. Akwai kuma wata riba ta daban. Yaron da ya taɓa zama ya tsara talla da hannunsa ya ga yadda ake ɗinka ta, don haka da wuya wata talla ta yi masa dodo-rido.

Kafin ka fara

Tsarin da ke ƙasa ya fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa shida, darasi ɗaya na minti 40 a mako. Akwai dalilin zaɓen wannan shekaru. Masanin halayyar yara Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa tsakanin shekara 7 da 11 yaro yana iya tunani mai tsari, amma sai a kan abin da yake gani ko yake taɓawa. Saboda haka duk bayanin da ba ka ɗora shi a kan wani abu da ke kan tebur ba, ya bi iska. Sannan a 2004 wani kwamiti na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ya bayar da rahoton cewa yaran da ba su kai shekara 8 ba galibi ba sa gane cewa talla tana ƙoƙarin shawo kansu ne, suna ɗaukar ta labari na gaskiya kawai. Wasu ƙasashe sun mai da wannan doka: lardin Kebek na Kanada ya hana tallar da aka nufi 'yan ƙasa da shekara 13 da ita tun 1980, Suwidin kuma ta hana tallar talabijin ga 'yan ƙasa da 12 tun 1991. In 'yan aji ɗaya zuwa uku ne a hannunka, ka tsaya a darasin makon farko da na zanen tambari, sauran ka bar su sai sun ƙara wayo.

Ka rubuta wa iyaye 'yar gajeriyar takarda. Ka bayyana musu cewa komai a cikin makaranta za a yi, ba za a tura kowane yaro waje ya sayar da wani abu ba, kuma kuɗin gaske ba zai shigo ciki ba. Ka nemi izinin shugaban makaranta tun da wuri, domin a mako na biyu da na shida za ka buƙaci aron wani aji.

Kayan aiki ba su da yawa: tsofaffin kwalaye, takarda, almakashi mara tsini, gam, zare, fensiran kala, da murafen kwalba masu yawa waɗanda za su zama kuɗin wasa. Ka sa yaran su fara tara murafen tun yanzu, a wanke su a shanya. Ka raba ajin rukuni-rukuni, kowanne yara biyar ko shida. In suka wuce haka, biyu ne za su yi aikin, sauran su zama 'yan kallo.

Mako na farko: farautar talla

Kada ka fara da ma'anar kalma a allo. Ka ba su aikin gida kwana biyu kafin darasin: kowa ya ƙirga tallar da ya gani ko ya ji daga tashinsa da safe zuwa kwanciya, ya kawo guda ɗaya, ko dai ya yanko ta daga kwalin wani abu, ko ya zana ta, ko ya haddace kalmominta. Da farko za su kawo ta rediyo da talabijin da allunan bakin hanya. Da ka nuna musu cewa sunan kamfanin da ke jikin takalminsu ma talla ne, da wanda ke bayan littafin rubutu, da wanda ke katse musu wasa a waya, sai ka ga ido ya buɗe. Wani zai fara binciken jakarsa yana kirga tambura.

Ka manna abin da suka kawo a bango, ka koya musu tambayoyi uku da za su riƙa yi wa kowace talla:

Wa ya biya aka yi ta?
Me take so in yi?
Me ta ƙi faɗa?

Ta ukun ce mai daɗi, ka ba ta lokaci. Tallar abin wasa tana nuna mota tana tashi sama, ba ta ce batir daban ake saye ba. Yara sun fi ka sanin irin wannan, domin su abin ya sha ci.

Ka rufe darasin da gwajin da ba ya taɓa ba ni kunya. Ka samo fensir biyu iri ɗaya sak. Ɗaya ka bar shi haka nan, ɗayan ka naɗe shi da takarda mai sheƙi, ka manna masa suna mai ƙayatarwa da tauraro. Ka kira yara huɗu su yi rubutu da kowanne, su faɗi wanda ya fi santsi. Yawanci mai ado suke zaɓa, har wani ya rantse ya fi baƙi. Sai ka ɓare adon a gabansu. Ka ƙyale su su yi dariya su gama, kana ka gaya musu ba su kaɗai ba ne: a 2007 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ba yara 63 'yan shekara 3 zuwa 5 abu iri ɗaya su ɗanɗana, wani a ƙunshin kamfanin abinci na McDonald's wani a ƙunshi mara rubutu, kuma akasarinsu suka ce mai tambarin ya fi daɗi.

Mako na biyu: a je a tambayi mai saye

Nan ne malamai suka fi yin tsalle, kuma nan ne darasin yake. Kowane rukuni zai ƙera wani ɗan abu da zai sayar wa 'yan wani aji a mako na shida. In ka tambaye su me za su ƙera, nan take za su faɗi abin da su suke so. Ka ce musu a'a, ba a yanke shawara sai an ji ta bakin masu saye.

Ku zauna tare ku tsara tambayoyi uku ko huɗu, kada su wuce haka. Ka nuna musu bambancin tambaya mai buɗe baki da tambaya mai jan mutum. "Ko ba ka son jirgin takarda mai kyau?" ba tambaya ba ce, roƙo ne, kowa zai ce yana so don kunya. Wadda ta fi ita ce, "Mene ne ya fi ɓata maka rai game da kayan karatunka?" ko "Me ka fi yawan ɓatarwa a makaranta?" Ka sa su gwada tambayoyin a junansu tukuna. Ka koya musu gaisuwa kafin tambaya, da godiya bayanta, da cewa wanda ya ce ba ya son amsawa a ƙyale shi.

Lokacin tara, kowane rukuni ya tambayi yara 20 na ajin da ka aro. Mutum ɗaya yana tambaya, ɗaya yana jan layi a takarda, huɗu a tsaye na biyar a gicciye. Da sun dawo, a zana sakamakon a allo da sanduna, dogo da gajere. Ka ga lissafi ya shigo ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba.

A ce rukunin da ya ƙudura yin jiragen takarda ya dawo ya tarar 12 cikin 20 kukansu ɗaya ne, fensirinsu yana ɓata ko a ɗauke, 5 sun ce bangon littafinsu yana yagewa, 3 sun faɗi wasu abubuwa. Babu wanda ya ambaci jirgi. Za a yi gardama a rukunin, wani ma ya kumbura. Kada ka raba musu gardamar. Tambaya ɗaya za ka yi: "Ranar kasuwa murafen suna hannun wa?" Za su kai kansu ga 'yar alamar suna da ake ɗaura wa fensir, ko ɗan kwalin ajiye shi. In kuma suka kafe a kan jirgi, ka bar su. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma mako na shida yana nan tafe.

Mako na uku: tambayoyi huɗu da lissafin murafe

A 1960 wani malamin jami'a Ba'amurke, E. Jerome McCarthy, ya tattara harkar tallata haja a ƙarƙashin abubuwa huɗu: hajar kanta, farashinta, wurin da za a same ta, da yadda za a sanar da mutane. Har yau da su ake fara koyar da ɗaliban kasuwanci. Yara ba sa buƙatar sunan tsarin, tambayoyi huɗu sun ishe su: Me? Nawa? Ina? Ta yaya za a sani? Kowane rukuni ya ninka takarda gida huɗu, ya rubuta tambaya ɗaya a kowane gida ya amsa.

"Me" sun riga sun amsa shi a makon jiya. "Ina" ba shi da wahala: wane tebur, kusa da ƙofa ko can ƙurya, kuma me ya sa kowa yake son na bakin ƙofa. "Nawa" ne zai ci rabin darasin.

Kai ne mai kantin kayan aiki. Ka ba kowane rukuni rancen murafe 30, su sayi kayan a hannunka: takarda murfi ɗaya, zare murfi ɗaya, aron fensiran kala murfi ɗaya. Ke nan kowace alamar fensir ta ci murfi 3, guda goma sun cinye jarin duka. Yanzu ka tambaye su nawa za su sayar. Dole a sami mai cewa, "Malam, mu sa biyu, kowa zai zo wurinmu." Ka ce to, a lissafa. Goma sau biyu ashirin, bashi kuma talatin. An sayar da komai, an faɗi da goma. Wani zai ce a sa ashirin-ashirin. Sai ka tuna musu kowane mai saye murfi 10 kacal za a ba shi. In aka sa 5, sai an sayar da guda 6 kafin jari ya dawo, daga na bakwai riba ta fara. Ka sa kowane rukuni ya nemo wannan lamba tasa ya rubuta ta babba a bayan takardarsa. Ranar kasuwa za ka ji ihu daga wani tebur, in ka duba sun sayar da na shida ne.

Sauran lokacin, da ɗan abin da za ka gutsuro daga darasin zane, a ƙera kayan.

Mako na huɗu: suna, tambari da take

Wannan darasin ba ya buƙatar turi. Ka zana tambura uku ko huɗu da aka sani a allo ba tare da sunayensu ba, ka ga yadda za su faɗe su kafin ka ɗaga alli. Ka tambaye su me ya haɗa waɗannan tambura. Amsar ita ce sauƙi. Alamar kamfanin takalma na Nike, wadda wata ɗalibar zane mai suna Carolyn Davidson ta zana a 1971, lanƙwasa ɗaya ce, yaro ɗan aji ɗaya zai kwaikwaye ta a ƙasa da yatsa.

Ƙa'idar ajina ke nan: kala biyu kawai, kuma in ɗan wani rukuni ya kalli tambarin na sakan biyar ya kasa zana shi da ka, a rage masa kaya. Yara suna son cusa rana da fure da mota da tuta a wuri ɗaya. Ka sa kowa ya zana nasa shi kaɗai, sannan rukuni ya zaɓi ɗaya da ƙuri'a, in ba haka ba mai bakin cikinsu ne zai yi nasara kullum.

Take kuma kada ya wuce kalma shida, kuma ya faɗi amfanin da mai saye zai samu. "Alama mai kyau" ba take ba ne. "Fensirinka ya daina ɓata" take ne, domin ya taɓo inda ke yi wa mai saye ƙaiƙayi. Masu kunnen waƙa za su sa masa amsa-amo da kansu.

Mako na biyar: fasta, sakan goma, da kotun talla

Masu sana'ar talla suna da wani tsohon tsari da ake dangantawa da Elias St. Elmo Lewis tun ƙarshen ƙarni na 19: ka ja hankali, ka sa sha'awa, ka sa mutum ya so abin, ka sa ya motsa. Ni kalma huɗu nake ba yara: Tsaya, Duba, So, Zo. Babban hoto ko babbar kalma ce ke tsayar da mai wucewa. Take ne ke sa ya duba. Amfanin ne ke sa ya so. Sai "zo": ina, yaushe, murfi nawa. Na ƙarshen nan shi suka fi mantawa. Za ka ga fasta, wato takardar tallar da ake mannawa a bango, ta sha ado kamar me, amma babu inda aka rubuta ranar kasuwar.

Da an gama fasta, a manna ta a bango, ɗan wani rukuni ya ja da baya taku goma ya karanta da ƙarfi. Abin da bai iya karantowa ba, a ƙara masa girma ko a cire shi.

Daga nan sai tallar baka. Tallar talabijin ta farko da aka biya kuɗi aka sa a Amurka, ta kamfanin agogo na Bulova ce, ranar 1 ga Yuli 1941, kuma kimanin sakan goma ta ɗauka. Ka ba kowane rukuni sakan goman nan, kai kana riƙe da agogo. Karon farko za su ƙare lokacin a gaisuwa da dariya. Karo na uku za ka ji magana ta tsaya cak. Yaron da ba ya son tsayawa gaban jama'a kada ka tilasta masa, ka ba shi riƙon fasta ko nuna hajar, a hankali zai saki jiki.

Minti goma sha biyar na ƙarshe na kotun talla ne, kuma ba na yarda a tsallake shi ko da an buga ƙararrawa. Yara uku daga rukunoni daban-daban su zama alƙalai. Duk abin da talla ta faɗa, sai an kawo hujja. Wani rukuni ya taɓa rubuta cewa bangon littafinsu "ba ya yagewa har abada." Alƙaliyar, wata 'yar ƙarama mai ƙaramar murya, ta ce, "Ku miƙo." Ta sa yatsu biyu ta ja, ya yage. Ajin ya kece da dariya, masu bangon suka yi tsuru-tsuru. Suka koma suka rubuta, "Yana kare littafinka daga datti," wanda gaskiya ne, aka buga musu hatimi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma gara yaro ya gano hakan a gaban abokansa uku da ya gano shi a gaban abokan ciniki yana babba. Dokokin kotun uku ne: ba ƙarya, ba kushe hajar wani rukuni, ba cewa "duk wanda bai saya ba ba abokinmu ba ne." Na ukun shi ne salon da yara suka fi saurin kamawa, ka tare shi tun a nan.

Wani zai tambaye ka ko za su iya sa tallar a intanet. A'a. Facebook da yawancin shafukan sada zumunta ba sa karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, kuma hoton yaro ba ya fita daga makaranta sai da yardar iyayensa. Bangon baranda da taron safe sun wadatar.

Mako na shida: ranar kasuwa

A manna fastoci kwana biyu kafin ranar. A jera tebura, a raba su da ƙuri'a don kada a ce ka yi son kai. A kowane tebur a san mai karɓar murafe, mai rubuta abin da aka sayar, mai magana da masu saye, da mai tsayawa gefe yana rubuta abin da ya ji suna faɗa, musamman waɗanda suka duba suka wuce. Wannan na ƙarshen ka ba wa yaro mai natsuwa, aikinsa ya fi na kowa amfani.

Masu saye su shigo kashi biyu, kowane kashi minti goma, da hutun minti biyar a tsakani. A hutun nan kowane rukuni yana da damar sauya abu ɗaya: ya rage farashi, ya gyara take, ko ya matsar da kaya gaba. Kai dai ka zagaya da bakinka a rufe. Za ka ga teburin da ya fi kowa ihu ba lallai shi ne ya fi ciniki ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

In akwai teburin da babu wanda ya tsaya a gabansa, wataƙila na masu jirgi, kada ka aika wani ya saya don tausayi, yara suna ganewa. Ka je a hutun ka tambaye su, "Me masu wucewa suke cewa?" Sau da yawa daga nan dabara take fitowa, kamar su haɗa jirgi kyauta ga duk wanda ya sayi wani abu a teburin maƙwabtansu, a raba murafen.

Bayan an watse, a zauna a ƙirga. Kowane rukuni ya biya bashin 30, ya faɗi abin da ya rage ko abin da ya gaza. Maki kuma kada ka ɗora shi a kan yawan murafe, in ba haka ba ka koya musu cewa duk hanyar da ta kawo kuɗi daidai ce. Ni gida huɗu nake raba shi: takardar binciken mako na biyu, daidaiton lissafi, ko tallar ta tsallake kotu, da bayanin da kowane yaro zai rubuta shi kaɗai. Bayanin layi biyar ne: wa muka yi niyyar sayar wa, me muka gaya masa, me ya faru, me masu wucewa suka ce, me za mu sauya.

Ka ajiye fastocin da takardun binciken a kwali ɗaya, murafen a wani. Mako biyu bayan haka, ba tare da sanarwa ba, ka shigo aji da wata sabuwar talla da ka yanko, ka manna ta a allo, ka ba su minti biyar kowa ya rubuta amsar tambayoyi ukun nan na makon farko. Ka fi mai da hankali kan abin da suka rubuta a ƙarƙashin ta uku.